Abin da Ke Rataye a Sirdin Aisami

Aisami makiyayin raƙuma ne. Gidansu na wani ɗan ƙauye arewa da Gure, ta wajen Gamu, amma shi kansa da wuya ya kwana uku a jere a ƙarƙashin rufin ɗaki. Ya haura shekara hamsin, kuma tun bai isa hawa raƙumi da kansa ba yake bin taguwoyi cikin tuddan rairayi. Yana da salula irin mai maɓallai, sai dai yawancin shekara a mace take. In ya shiga daji, kwana huɗu batir ya ƙare, sai ya naɗe ta a tsumma ya tura cikin burgami har ran da Allah ya kawo shi gari.

Shekarar da ƙanwarsa ta rasu a Gure, kwana tara aka yi ana cigiyarsa rijiya-rijiya. Ko da ya iso an riga an yi sadakar bakwai. Marigayiyar ta bar ɗiya, Rahinatu. Ita ce ta yi shekara biyu a Damagaram tana koyon aikin kuran, wato wutar lantarki, ta dawo tana gyara wa mutane fanka da fitilu, mijinta kuma yana kabu-kabu da moto, wato haya da babur. Bayan wata biyar, ran da Aisami ya shigo kasuwa ya biya ta gidanta, sai ta fito masa da wani abu.

Guntun tiyo ne, tsawonsa kamar daga gwiwar hannu zuwa tafi, an toshe bakinsa duka biyu, an naɗe shi da baƙar roba. A gefe an ɗaure wani ɗan akwati da igiyar da ake cusa wa salula. Ta girgiza shi, wani abu ya yi ƙwas-ƙwas a ciki, wata 'yar fitila ja kamar ƙwayar gero ta kama ta mutu.

Aisami ya ce, "Wannan kuma mene ne?"

Ta ce, "Kawu, maganaɗisu ne a ciki, daga tsohuwar lasifika na ciro shi. Tiyon kuma na naɗe shi da zaren jan ƙarfe. Duk sa'ad da maganaɗisun ya wuce ta tsakiyar zaren, kuran kaɗan na fita, ya taru a batir ɗin nan. Ka rataya shi a sirdi, tafiyar amale kaɗai ta isa."

"Raƙumi ne zai ba da wuta?"

"Ba mai yawa ba. Tafiyar yini guda za ta ba ka maganar minti biyar ko shida. Amma salularka ta daina mutuwa ɗungum."

Ya yi dariya, ya ce ya ji abin mamaki. Ita da kanta ta bi shi har inda ya durƙusar da amalensa, ta ɗaure tiyon a gaban sirdi ta yadda zai riƙa lilo.

Abin kuwa ya yi aiki. Amale na tafiya, tiyo na ƙwas-ƙwas, fitila na ƙyaftawa. Da farko ƙarar ta dami raƙumin, yana ta waiwaye, daga baya ya saba. Aisami ya koyi hawa tudu mafi tsayi da hantsi, inda ake samun rezo salula ta kama, ya kira gida ya ji lafiyar iyali, sannan ya kira Modu. Modu dillali ne a karar dabbobi ta Gure, tare suka tashi, kuma shekara talatin ke nan duk raƙumin da Aisami zai sayar ta hannunsa yake bi. Su gaisa, su taɓa hirar kasuwa, batir ya yi ƙara, a yi sallama.

Wata biyu ana haka, sai ranar wata Talata a Kwarin Goriba. Rana ta take, Aisami ya kwanta a inuwar aduwa, raƙuma sun bazu suna cin ƙaya kamar yadda suka saba. Da la'asar ya tattara su, babu wata jar taguwa mai ciki. Ya bi sawunta har bayan tudu na biyu. Can ya ga inda ta tsaya ta yi turjiya, ga sawun takalman mutum biyu, ga kuma sawun moto ya yi gabas, taguwar na biye.

Ya kai maganar wurin jandarmomi, suka rubuta shaidar da ke wuyanta, suka ce za su baza labari. Ya koma daji ransa a ɓace. Ya kwashi garken ya yi tafiyar kwana biyu zuwa wani kwari da rabonsa da shi shekara shida, inda babu hanyar mota, babu ko bukkar masu lambu. Ya yi sati biyu a nan lafiya. A sati na uku, da tsakar rana kuma, aka kore masa matashin raƙumi, sawun moto iri ɗaya.

Washegari a bakin rijiya ya gamu da Husseini, wani makiyayi da suke haɗuwa lokaci-lokaci. Husseini ya saurari labarin yana jan guga, sai da ya gama shayar da dabbobinsa ya zagayo ya tsaya a gaban amalen Aisami. Ya sa yatsa ya taɓa tiyon. Fitilar ta ƙyafta.

Ya ce, "Tun yaushe wannan abin yake jikin sirdinka?"

"Wata uku."

"Kafin wata ukun nan, yaushe rabon da a yi maka sata?"

Aisami ya ƙirga a ransa. Rabonsa da sata tun shekarar da aka yi fari.

Husseini ya rage murya, ko da yake ba kowa a wurin sai su biyu. "Ni dai na ji ana cewa akwai abin da ake liƙa wa mota, duk inda ta shiga mai ita yana ganinta a salularsa. Shi ma an ce fitila gare shi. Wa ya ba ka?"

"Ɗiyar ƙanwata."

"Ita ta ƙera shi, ko ba ta aka yi ta ba ka?"

"Ta ce ita ta ƙera."

"Ta ce." Husseini ya gyara rawaninsa. "Mijinta me yake yi?"

Nan take kalmar moto ta faɗo wa Aisami a rai. Ya ji kunyar kansa, ya yi istigfari, ya ce wa Husseini ya bar wannan magana. Sai dai da suka rabu, duk ƙwas ɗin da tiyon ya yi sai ya ji kamar wani ake kira. Ya tuna yadda Rahinatu ta nace sai ta ɗaura abin da hannunta. Ya tuna ran nan mijinta na zaune a kan moto a ƙofar gida, ya tambaye shi raƙuma nawa yake da su yanzu. A lokacin hira ce kawai. Yanzu kuwa ya juya tambayar ta kowace fuska, kuma duk fuskar da ya juya ba ta yi masa daɗi ba.

Kafin azahar ya kwance tiyon. Ya so ya binne shi a rairayi ya wuce, sai ya ga in ya binne ba zai taɓa sanin gaskiya ba. Ya naɗe shi cikin bargo tam yadda ba zai motsa ba, ya bar garken a hannun ƙanensa, ya kama hanyar Gure.

Ran kasuwa ya shiga gari. Bai bi ta unguwar su Rahinatu ba, ya zagaya ta bayan tasha ya nufi rumfar Ɗanjuma mai gyaran rediyo. Ɗanjuma na ganin abin ya yi murmushi.

"Ai aikin Rahinatu ne wannan. A nan ta sayi zaren."

Aisami ya ja bargon baya kaɗan. Ashe sun san juna. Ya dubi Ɗanjuma da kyau, ya ce, "In haka ne bari in kai wani wuri."

"Kai shi duk inda kake so, Malam Aisami. Me ya same shi?"

"So nake a buɗe shi a gabana. Duk abin da ke ciki a fito da shi, in gani da idona."

Ɗanjuma ya daina murmushi. Ya share teburinsa, ya shimfiɗa farin tsumma, ya yanke robar da reza. Ya zare abubuwan ɗaya bayan ɗaya yana jerawa: maganaɗisu baƙi mai zagaye, guntayen soso biyu da ke tare shi a bakin tiyo, zaren jan ƙarfe mai yawa, ƙananan batura biyu, da wani ɗan faranti kore wanda bai kai akwatin ashana ba.

Aisami ya nuna farantin. "Wannan fa?"

"Shi ke daidaita kuran kafin ya shiga batir. Ga irinsa cike da gwangwani." Ya girgiza masa gwangwanin. "Me kake nema a ciki?"

Aisami ya faɗa masa labarin satar da abin da Husseini ya ce. Bai ambaci mijin Rahinatu ba.

Ɗanjuma ya ce, "Abin da abokinka yake faɗi akwai shi. Amma sai da kati irin na salula a cikinsa, kuma wutar da yake ci ta fi ƙarfin wannan tiyo nesa ba kusa ba. Duba da kanka, ka ga kati a nan? Wannan abin ba ya ji, ba ya gani, ba ya magana. Wuta kawai yake tarawa."

"Kai ka sayar mata da kayan. Dole ka faɗi haka."

"To, ɗauki farantin ka zagaya kasuwa, mu huɗu ne masu gyara." Ɗanjuma ya tura masa tsumman. Sai kuma ya tsaya. "Amma bari in tambaye ka. Da, in ka shiga daji, wa ya san inda kake?"

"Ba kowa."

"Yanzu fa? Wutar da yake ba ka, me kake yi da ita?"

Aisami ya tuna waɗanda yake kira. Matarsa ba ta tambayarsa sunan wuri, lafiya kawai take tambaya. Mutum ɗaya ne kullum maganarsa ta farko ita ce, kana ina yau? Ya ƙulle kayan a tsumman, ya tashi ba tare da ya kai farantin ko'ina ba.

Karar dabbobi ta cika maƙil. Bai nufi inda Modu ke zama ba, sai ya raɓe a bayan wata babbar mota da ake loda awaki, inda yake hango shi. Modu na kan tabarmarsa a gindin bedi, kusa da mai shayi, mutane kewaye da shi: masu saye, masu sayarwa, 'yan kabu-kabu da suka jingine motocinsu, da waɗanda ba a san abin da ya kawo su ba. Aisami ya daɗe yana kallonsa. Shekara talatin, in ji zuciyarsa. Shi ya san kowace taguwa tawa da shaidarta, ya san wadda za ta yi kuɗi.

Ya ciro salula ya kira shi.

Ya ga Modu ya laluba aljihu, ya dubi salular, ya danna wani wuri, ya riƙe ta a gaban bakinsa maimakon ya kara a kunne. Sai Aisami ya ji sallamarsa ta fito daga can gindin bedi, da ƙarfi kamar ta mai shela.

Modu ya ɗaga murya. "Aisami! Kana ina yau?"

Aisami ya juya baya ya kare bakinsa da rawani don kada hayaniyar kasuwa ta tona shi. Ya ce, "Ina hanya. Jibi zan sauka Rijiyar Kanya, in yi sati a can."

"Ina? Ƙara faɗi, kunnen nan nawa!"

"Rijiyar Kanya."

"Rijiyar Kanya! Ta kudu da Gidigir? Da garken duka? Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai."

Yana magana yana leƙen mutanen da ke wurin. Wani ya ɗago kai. Wani ya ajiye kofin shayi. Wani saurayi mai shuɗin rawani ya juya ya dubi abokinsa, amma wataƙila maganarsu daban suke yi. Duk wanda Aisami ya kalla sai ya ga kamar shi ne, har mai shayin.

Bai nuna kansa ga Modu ba ran nan. Ya koma wurin jandarmomi ya faɗa musu abin da ya yi. Babbansu ya ce motarsu ɗaya ce kuma ta fita, amma in ya ga wani abu ya kira nan take. Aisami ya sayi cikon batir a wurin masu cika salula, ya nemi Husseini da wasu makiyaya biyu, suka tafi Rijiyar Kanya ba tare da garke ba. Raƙuman hawansu kawai suka saka dabaibayi suka sake a kwarin, su kuma suka kwanta a bayan tudu.

Kwana biyu ba abin da ya faru sai zafi da ƙudaje. Husseini ya fara cewa shi dai har yanzu bai yarda da tiyon nan ba. A rana ta uku, rana na tsaka, suka ji ƙarar moto daga nesa, ta zo ta mutu a bayan wani tudu. Jim kaɗan mutum biyu suka ɓullo a ƙafa, fuskokinsu a rufe, ɗaya riƙe da igiya. Suka tsaya suna duban kwarin. Da alama ƙarancin raƙuman ya ba su tsoro, domin ɗayan ya kama hannun ɗan'uwansa ya ja shi baya. Ɗaya daga cikin makiyayan bai iya haƙuri ba, ya miƙe da sanda yana kururuwa. Kafin su gangara tudun, mutanen sun kai ga motonsu sun yi gabas. Aisami ya kira jandarmomi, suka zo da la'asar suka bi sawu har inda ya hau ƙasa mai tauri ya ɓace.

A kan hanyar dawowa Husseini ya ce, "To, ba tiyo ba ne. Amma Modu fa? Kurma ne da gaske, ko kurmancin na kasuwa ne?"

Wannan tambayar ce Aisami ya kai wa Modu har gida. Ya faɗa masa kome, tun daga bayan motar awaki har Rijiyar Kanya. Modu ya saurara da hannu a bayan kunne. Da ya gane inda maganar ta dosa sai ya sauke hannun.

"Ni ka gwada, Aisami? Kana tsaye kana kallona kana yi mini ƙarya?"

"Raƙuma biyu na rasa."

"Shekara biyu ke nan kunnen nan ya toshe, kowa a kara ya sani. Da kai da sauran masu kirana, duk haka nake amsa muku. Wallahi ban taɓa kawo wa raina wani na saurare ba."

"Me ya sa kullum sai ka tambayi inda nake?"

"Me ake tambayar makiyayi in ba inda yake ba?"

Aisami ya ga hawaye a idon Modu, ya kuma san dillali ya iya fuska. Suka yi musafaha a ƙofar gida, hannu bai daɗe cikin hannu ba. Daga baya ya ci gaba da kai masa raƙuma, amma bai ƙara faɗa masa sunan wata rijiya ba, Modu ma bai ƙara tambaya ba.

Saura Rahinatu. Ya same ta a tsakar gida tana kwance wata fanka. Ta gaishe shi, ta kawo ruwa, ta koma kan aikinta. Ya ajiye ƙullin tsumman a gabanta ya kwance.

Ta ce, "Ɗanjuma ya faɗa mini." Ba ta ɗago ba. "Kawu, me ka zaci na sa maka a ciki?"

Ya yi niyyar ya ɗora wa Husseini laifin, sai ya ga ba shi da amfani. Ya ce, "Na zaci yana nuna inda nake. Na ga sawun moto, sai na tuna mijinki."

Ta ajiye abin da ke hannunta. "Sati shida na yi ina naɗa zaren nan. Sau uku ina warwarewa. Shi ya riƙa ɗaura shi a moto yana zagaya gari da shi don mu ga ko zai tara wuta."

"Na yi kuskure, ɗiyata."

"Da ka zo nan, da ni zan buɗe maka shi. Ba sai an yanka da reza ba." Ta ɗaga zaren ta duba inda ya tsinke. "Wannan ya lalace, sai sabo. Ka bar shi. In na gama zan aiko."

Ba ta raka shi ƙofa ba kamar yadda ta saba.

Bayan sati uku, Aisami ya shigo wani ƙauye ya cika batir, sai ga kira. Mijin Rahinatu ne. Ya gaishe shi da ladabi, ya ce aiki ya kammala, an ce ya kawo masa har inda yake.

"Baba, ina zan same ka?"

Garken na wani kwari yamma da ƙauyen. Aisami ya riƙe salular, sunan kwarin na bakinsa. Ya san yaron nan bai yi masa kome ba, ya gani da idonsa. Duk da haka sai ya ji kansa yana cewa, "Mu haɗu a kasuwar Gamu ran Alhamis."

Mijin ya ce, "To, Baba. Allah ya kai mu."

Ran Alhamis Aisami ya yi tafiyar rabin yini zuwa Gamu. Ya tarar da shi zaune a kan moto a inuwar wani shago, ƙura ta rufe masa ƙafafu. Ya sauko ya durƙusa ya gaishe shi, ya miƙa masa sabon tiyo. Wannan karon tiyon fari ne garau, ana ganin maganaɗisun da zaren da kome daga waje. Ya nuna masa yadda zai ɗaure shi, ya ƙi karɓar kuɗin mai, ya ce yana da fasinja da ke jiransa. Bai tambayi inda raƙuma suke ba. Aisami ya tsaya riƙe da akalar amale har moton ya fita daga kasuwa, sannan ya ɗaura tiyon ya hau, ya bi ta kudu tukuna kafin ya karkata yamma.